Ledojin jini 211 da jiran shekara goma: me ke riƙe shari'ar ƙara kuzari a tseren keke?

Tsohon_Rali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar 23 ga Mayu 2006 jandarmomin Sifaniya suka kai samame a Madrid a binciken da suka sa wa suna Puerto, suka kama Dokta Eufemiano Fuentes da Manolo Saiz, shugaban ƙungiyar tseren keke ta Liberty Seguros, suka kwashe ledojin jini da na ruwan jini 211. Ba a zauna shari'ar ba sai Janairun 2013. Umarnin a miƙa ledojin ga hukumomin wasanni kuwa sai Yunin 2016 ya fito, bayan wa'adin tuhumar 'yan tseren ya riga ya cika. Ni a ganina binne maganar aka yi da gangan. Kuma ba Puerto kaɗai ba ce. Shari'ar ɗan tsere Alberto Contador ta ci wata 18, ta Juan José Cobo kusan shekara takwas, ta likitan ƙungiyar Sky shekara 12. Wanda ya san wani dalili ban da rufa-rufa ya zo ya fahimtar da mu.

Barista_Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ka zuba shari'o'i huɗu a kwando ɗaya, alhali kowace da ciwonta. Mu fara da Puerto.

Lokacin samamen, ƙara kuzari a wasanni ba laifi ba ne a dokar Sifaniya. Dokar da ta mai da shi laifi a Nuwamban 2006 aka yi ta, wata shida bayan kamen, kuma doka ba ta komawa baya ta kama mutum. Abin da ya rage wa masu gabatar da ƙara shi ne tuhumar jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Wato kotu ba ta tambayar wa ya yi maguɗi a tsere, tambayarta ita ce shin ɗiban jini da adana shi da mayar da shi a ɗakin otal ya saɓa ƙa'idar lafiya. Shi ya sa 'yan tseren suka shiga kotun a matsayin shaidu. Alƙalin bincike, Antonio Serrano, ya rufe fayil ɗin a Maris 2007, kotun sama ta ce a buɗe, ya sake rufewa a 2008, aka sake buɗewa a 2009. A nan kaɗai shekara uku ta tafi.

A Afrilun 2013 alƙaliya Julia Patricia Santamaría ta yanke wa Fuentes ɗaurin shekara ɗaya, wanda ba sai ya zauna a kurkuku ba, ta kuma ce a lalata ledojin. Aka ɗaukaka ƙara. A Yunin 2016 kotun lardin Madrid ta wanke shi, bisa hujjar cewa jini ba magani ba ne a ma'anar sashin dokar da aka tuhume shi da shi, amma ta amince a ba hukumar yaƙi da ƙara kuzari ta duniya (WADA) da hukumar keken duniya (UCI) da hukumar Olamfik ta Italiya (CONI) da hukumar keken Sifaniya samfurin ledojin.

To agogon wasanni bai tsaya jiran kotu ba. Wa'adin tuhuma a kundin WADA na lokacin shekara takwas ne, ya cika a 2014. Kundin 2015 ya mai da shi goma, sai dai ba ya tayar da wanda ya riga ya mutu.

Tsohon_Rali:
Barista, na ji batun doka. Amma a zaman 2013 Fuentes da bakinsa ya ce zai iya faɗin masu ledojin in an nema, alƙaliya ta ce babu buƙata. Wannan fa?

Barista_Fagge:
Haka aka yi, kuma ni ma bai yi mini daɗi ba. Ta fuskar tuhumar da ke gabanta sunayen ba sa cikin abin da za a tabbatar, shi ne madogararta. Amma tana da ikon ta bari ya faɗa, ba ta bari ba. A wannan gaɓar ba zan yi maka gardama ba.

Sifoki_32:
Abin da ke ƙarfafa maganar Tsohon_Rali shi ne duk wanda aka hukunta a Puerto daga wajen Sifaniya hukuncin ya zo. Sunayen da ke jikin ledojin ba su da wuyar warwarewa. Birillo sunan karen Ivan Basso ne, Piti karen Alejandro Valverde, "ɗan Rudicio" kuma Jan Ullrich ne, saboda mai kula da shi Rudy Pevenage. Italiya ta dakatar da Basso shekara biyu a Yunin 2007. Masu gabatar da ƙara na Bonn ne suka gwada DNA ɗin Ullrich da ledojin. Jörg Jaksche shi ya fito ya yi ikirari da kansa a 2007.

Ta Valverde ta fi ban sha'awa. A Tour de France na 2008 hanya ta ratsa cikin Italiya, sai jami'an can suka ɗebi jininsa. Mai gabatar da ƙara na CONI, Ettore Torri, ya samo samfurin leda mai lamba 18 ta hanyar takardar neman taimakon kotu tsakanin ƙasashe, DNA ya yi daidai, kuma akwai EPO, maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini, a cikin ledar. A Mayun 2009 suka hana shi tsere a ƙasar Italiya. Serrano ya ce an karɓi samfurin ba bisa ƙa'ida ba, amma kotun wasanni ta Lausanne, CAS, ta karɓi hujjar, ta faɗaɗa haramcin zuwa duk duniya ranar 31 ga Mayu 2010.

Birki:
Shi ne aka ƙwace masa Vuelta ta 2009, babban tseren Sifaniya, ko?

Sifoki_32:
A'a, tana nan a hannunsa. Haramcin daga 1 ga Janairu 2010 aka ƙirga shi zuwa ƙarshen 2011. Sakamakon 2010 ne aka soke, har da Tour de Romandie. Ya ci Vuelta ɗin yana da haramcin Italiya a kansa, shekara uku da wata huɗu bayan an ga ledar.

Likitar_Jini:
Bari in ƙara abin da ya sa ledojin nan suke da muhimmanci haka, don wani zai ce me ya hana a kama su a gwajin da aka saba.

Ƙarin jini iri biyu ne. In jinin wani aka sa maka, ana ganewa, domin a bayan jajayen ƙwayoyin jini akwai ƙananan alamomi da suka bambanta tsakanin mutum da mutum ko da rukuninsu ɗaya, na'ura za ta nuna gida biyu a jini guda. Tun 2004 ake wannan gwajin. In kuwa jininka ne aka ɗiba aka ajiye aka mayar maka, har yau babu gwajin da zai nuna shi kai tsaye. Saboda haka ledar ita ce shaida, DNA kuma shi ne igiyar da ke ɗaure ta da mai ita.

Yadda suke yi: leda ɗaya wajen mililita 450 zuwa 500 ce. A firji mai maki 4 ba ta wuce kwana 35 zuwa 42, shi ya sa dole a riƙa juyi, a ɗebi sabo a mayar da tsohon kafin ya lalace. Fuentes ya ƙetare wannan ta hanyar ware jajayen ƙwayoyin, a haɗa su da gilisarol, a daskarar a maki 80 ƙasa da sifili, su yi shekaru. Injin daskarewar ne suke kira Siberiya. Kafin a mayar sai an narkar an wanke gilisarol ɗin sarai, in ba haka ba ƙwayoyin su fashe a jijiya. Ledar da ta ɗumama a hanya ko ƙwayar cuta ta shige ta kan kawo zazzaɓi da makyarkyata da baƙin fitsari, ƙoda na iya tsayawa. Haɗarin lafiyar da aka yi ta gardama a kansa a kotu ke nan, kuma na gaske ne.

DNA ba ya tsufa da wuri a abin da aka daskarar. Ledojin za su iya magana yau ma. Takarda ce ta hana.

Dan_Maradi:
Dokta, tunda kin kawo gwajin 2004, a tuna da Tyler Hamilton. Ya ci zinare a tseren agogo na Olamfik ɗin Atina, samfurin A ya nuna jinin wani, amma ɗakin gwajin ya daskarar da samfurin B, wanda ake ajiyewa don tabbatar da sakamakon A. Daskarewa ba tare da kariya ba tana fasa ƙwayoyin, ba abin da za a ƙirga. Babu B, babu tuhuma. Makonni kaɗan bayan haka aka kama shi a Vuelta da gwaji iri ɗaya, aka dakatar da shi shekara biyu, amma zinaren ya zauna a hannunsa har ya yi ikirari a 2011. Sai Agustan 2012 aka miƙa wa Viatcheslav Ekimov. Kuskuren ma'aikaci ɗaya ya ci shekara takwas.

Likitar_Jini:
Daidai ne Malam. Fitsari ake daskarewa, jinin da za a ƙirga ƙwayoyinsa sanyaya shi ake yi kawai.

Mai_Sarka:
Ku ba ni dama kan Cobo, don nan ne nake ganin Tsohon_Rali ya ɗan yi gaggawa, ko da yake ba duka ba.

Fasfon jini, wanda UCI ta fara a 2008, ba ya neman ƙwaya. Bibiyar jinin mutum yake yi tsawon lokaci. Ana duba himogulobin, da kason jariran jajayen ƙwayoyi da ake kira retikulosait, da wani lissafi da ke haɗa su: himogulobin a giram cikin lita, a cire 60 sau tushen murabba'in kason retikulosait. In an ɗebi jini, himogulobin ya sauka, jarirai su yawaita saboda ɓargo yana cike giɓi. In an mayar, himogulobin ya hau, ɓargo ya yi kwance, jarirai su ragu. Wannan hawa da saukar ake nema.

Matakan su ne masu cin lokaci. Manhaja ce ke fara ɗaga tuta in awo ya fita daga iyakar da ta tsara wa mutumin daga tarihin jininsa. Ƙwararre ɗaya ya duba ba tare da sanin sunan mai jinin ba. In ya ce akwai alamar maguɗi, a ba wasu biyu, kuma dole su ukun bakinsu ya zo ɗaya. Sannan a tattara takardun kowane samfuri, na ɗakin gwaji da na sufuri. Sannan a aika wa ɗan tseren ya kawo bayani, ko rashin lafiya ne, ko zama a kan tsauni, ko zubar jini. Su ukun su sake zama a kan bayanin. Sai sun sake haɗuwa a kan magana ɗaya kafin a yi tuhuma.

Lauyoyi kuma samfuri ɗaya-ɗaya suke bi. Ƙa'ida ta ce kada a ɗebi jini cikin awa biyu bayan atisaye ko tsere, mutum ya zauna minti goma ƙafafunsa a ƙasa kafin a soka allura, a tambaye shi ko ya zauna sama da mita 1,500 a mako biyun da suka wuce, a ɗauki kwalbar cikin sanyi tare da na'urar da ke rubuta zafin hanya. In an karya ɗaya, samfurin na iya faɗuwa. In uku suka faɗi cikin goma sha biyar, hoton na iya sauyawa gaba ɗaya.

Duk da haka, awon da aka kama Juan José Cobo, wanda ya ci Vuelta ta 2011, da shi na 2009 zuwa 2011 ne, hukunci kuma Yunin 2019. Matakan da na lissafa ba sa cin shekara takwas. Kuma UCI ba ta yi wa jama'a gamsasshen bayanin inda fayil ɗin ya kwana ba.

Tsohon_Rali:
To ka dawo kan maganata ke nan. Ga Denis Menchov ma, haramcin shekara biyu kan fasfo, ba sanarwa, sai a 2014 aka tsinci sunansa a wani jadawali a shafin UCI, ya riga ya yi ritaya.

Mai_Sarka:
Na dawo rabi. Ka duba ɗaya gefen: Roman Kreuziger. Awon 2011 da 2012, ƙungiyarsa ta cire shi gab da Tour na 2014, kwamitin Olamfik na Cek ya wanke shi a Satumba, UCI da WADA suka ɗaukaka ƙara, sannan a Yunin 2015, kwanaki kafin zama, suka janye. Ya kafa hujja da ciwon maƙoƙo da maganin da yake sha, da yadda aka adana wasu samfuran. In mai gaskiya ne, an ci masa Tour a banza. In ba shi ba ne, an sake shi. Ko ta ina jinkirin bai amfani tseren ba.

'Yar_Damagaram:
Ni ta Contador ce ta fi tsaya mini, don babu ledar da kotu ta riƙe, babu fasfo. Samfurin 21 ga Yuli 2010, ranar hutun Tour a Pau. Ɗakin gwaji na Cologne ya ga haramtaccen maganin kilenbutarol, pikogiram 50 a mililita. Ba a faɗa wa duniya ba sai ƙarshen Satumba. Hukumar keken Sifaniya ta ba da shawarar shekara ɗaya a Janairun 2011, a Fabrairu ta juya ta wanke shi. UCI da WADA suka tafi CAS a Maris. Aka sa zama a Yuni, aka ɗage zuwa Agusta, aka sake ɗagewa zuwa Nuwamba. Hukunci ya fito 6 ga Fabrairu 2012.

A tsakanin nan ya ci Giro ta 2011, babban tseren Italiya, ya yi na biyar a Tour. Aka soke duka. Kuma da yake an ƙirga haramcin daga baya, 5 ga Agusta 2012 ya ƙare, wato wata shida kacal ya zauna bayan hukuncin, ya dawo ya ci Vuelta a Satumba. Andy Schleck kuwa, wanda ya zo na biyu a bayansa a Tour ɗin 2010, sai Mayun 2012 aka ba shi rigar rawaya ta zakara, a wani ɗan taro a Mondorf.

Barista_Fagge:
Hajiya, tushen matsalar nan shi ne a lokacin hukumar ƙasar ɗan tsere ce ke fara yi masa shari'a. Ɗan gida ne ke yanke wa gwarzon gida hukunci, sannan a tafi Lausanne a sake komai daga farko, don CAS ba duba kuskuren ƙasa kawai take yi ba, sabuwar shari'a take yi. Shi ya sa a 2015 UCI ta kafa kotunta ta ƙara kuzari, alƙali ɗaya mai zaman kansa, ta karɓe shari'ar manyan 'yan tsere daga hannun ƙasashe. Daga Janairun 2021 kuma gwaji da bincike suka koma hannun ITA, hukumar gwaji ta ƙasa da ƙasa mai zaman kanta.

Batun ƙirgawa daga baya yana cikin kundin: in jinkirin ba laifin ɗan wasa ba ne, ana iya fara haramcin tun daga ranar ɗiban samfuri, amma duk abin da ya ci a tsakani ya zube.

Feda_Hagu:
A gyara abu ɗaya da mutane ke yawan faɗa. CAS ba ta ce Contador ya yi ƙarin jini ba, ba ta kuma yarda da hujjarsa cewa maganin daga naman da aka sayo a Irun ya fito ba. Cewa ta yi duka biyun ba su da ƙarfi, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne gurɓataccen sinadarin ƙarin abinci. An hukunta shi ne don nauyin nuna ta inda abin ya shiga jikinsa a wuyansa yake, bai kuma sauke ba. Tun 2019 WADA ta ce kilenbutarol ƙasa da nanogiram 5 a fara binciken nama tukuna kafin tuhuma. Nasa kashi ɗaya ne cikin ɗari na wannan adadin.

'Yar_Damagaram:
Na yarda da gyaran, amma binciken nama ba wankewa ba ne kai tsaye. Ana duba ƙasar da mutum ya ci naman. Meziko da Sin an san matsalarsu. Turai ta haramta ba dabbobin yanka wannan maganin don ƙiba tun 1996.

Birki:
Ni tambayata ita ce me ya sa wani ake dakatar da shi nan take, wani ya ci gaba da tsere. Froome ya ci Giro ta 2018 da shari'a a kansa.

Likitar_Jini:
Jerin WADA ya kasa abubuwa gida biyu. Irin su EPO da sitiroyid, da zarar A ya nuna, dakatarwar wucin gadi dole ce. Akwai kuma waɗanda ake iya sha don magani na gaskiya, su ba dole ba ne. Salbutamol na inhelar masu asma yana cikin na biyu, kuma yana da iyaka. A 2017 an yarda da maikurogiram 1,600 a awa 24, kada ya wuce 800 a awa 12. Fesawa ɗaya 100 ce. A fitsari iyakar nanogiram 1,000 ce a mililita, ana tuhuma daga 1,200.

Samfurin Chris Froome na 7 ga Satumba 2017, mataki na 18 na Vuelta, ya nuna 2,000. Da aka yi la'akari da kaurin fitsarin, don jikin da ya bushe fitsarinsa kan yi kauri, ya sauko 1,429. Har yanzu ya haura. Ƙa'ida ta ce sai ya yi gwajin da za a ba shi adadin da aka halatta a ƙarƙashin sa ido a ga ko jikinsa zai fitar da irin wannan. WADA ta yarda cewa ba za a iya maimaita yanayin mako na uku na babban tsere da rashin lafiya ba, ta karɓi bayanan ƙwararrunsa da sauran samfuransa na Vuelta ɗin. UCI ta rufe fayil ranar 2 ga Yuli 2018, saura kwana biyar a fara Tour.

Sifoki_32:
Alessandro Petacchi, 1,352 a Giro ta 2007, shekara ɗaya. Diego Ulissi, 1,900 a Giro ta 2014, wata tara. Froome, babu ko kwana. Bambancin da nake gani shi ne wa ke da kuɗin ɗaukar masana harhaɗa magunguna da lauyoyi na wata tara. Kuma da jaridun Le Monde da Guardian ba su fasa ƙwan ba a Disamban 2017, da ba wanda zai ji.

Barista_Fagge:
Sirrin a ƙa'ida yake, ba alfarma aka yi masa ba: in babu dakatarwa ba a sanarwa sai an yi hukunci. Batun kuɗi kuwa gaskiya ne. Takardun ɗakin gwaji kaɗai sai ka biya kafin a ba ka, kowane ƙwararre da kuɗinsa. Ƙaramin ɗan tsere yakan sa hannu ya karɓi hukunci don ba shi da abin ja. Kundin 2021 ma ya saka tayi: wanda ke fuskantar shekara huɗu, in ya amsa laifi cikin kwana 20, a rage masa ɗaya. Shari'ar talaka ce ke saurin ƙarewa.

Dan_Maradi:
Kada mu tafi a kan cewa shigar 'yan sanda ita ke kawo jinkiri. Ku dubi binciken Aderlass. Samame 27 ga Fabrairu 2019 a Seefeld ta Ostiriya da Erfurt ta Jamus. Cikin mako guda Stefan Denifl da Georg Preidler sun amsa, a Yuni an ba su shekara huɗu-huɗu. Kafin shekarar ta ƙare an hukunta Petacchi da Kristijan Koren da Borut Božič da Kristijan Đurasek. Dokta Mark Schmidt ya gurfana a Munich a Satumban 2020, a Janairun 2021 aka ɗaure shi shekara huɗu da wata goma. Ƙasa da shekara biyu.

Dalili: Jamus ta yi dokar ƙara kuzari a Disamban 2015, Ostiriya na ɗaukarsa zamba a wasanni, kuma masu gabatar da ƙara sun riƙa miƙa bayanai ga hukumomin wasanni tun bincike na tafiya. Jini iri ɗaya ne da na Madrid, injin daskarewa iri ɗaya.

Feda_Hagu:
Doka kaɗai ba ta isa ba, Malam. Italiya na da tata tun 2000, mai lamba 376. Binciken Mantova kan ƙungiyar Lampre da wani mai kantin magani ya faro a 2008, aka fara shari'a a ƙarshen 2013, a Disamban 2015 aka sallami mafi yawansu, har da Damiano Cunego da Giuseppe Saronni. Alessandro Ballan sau biyu ƙungiyarsa ta BMC na ajiye shi tana dawo da shi, 2010 da 2011, kafin CONI ta dakatar da shi a Janairun 2014. Kotun da ke da cunkoso, ko da dokar tana nan, haka za ta ja.

Barista_Fagge:
Kuma ma'aunin hujja ya bambanta. Kotun laifi sai babu sauran shakka. Kotun wasanni gamsuwa mai ƙarfi take nema, sama da rinjaye, ƙasa da ta kotun laifi. Don haka mutum ɗaya na iya faɗuwa a nan ya tsira a can. Davide Rebellin ya rasa azurfar Olamfik ɗin Beijing ta 2008 kan CERA, wani nau'in EPO, a 2015 kotun Padova ta wanke shi. Roberto Heras an ƙwace masa Vuelta ta 2005 kan EPO, ya bi kotunan gwamnati, a Disamban 2012 kotun ƙolin Sifaniya ta tabbatar da soke hukuncin saboda kurakuran yadda aka bi da samfurin da shari'ar, aka mayar masa da kambun, daga baya aka ce gwamnati ta biya shi diyyar sama da yuro dubu 700. Duk hukumar da ta ga wannan za ta riƙa taka-tsantsan da kowace takarda, taka-tsantsan kuma lokaci yake ci.

Tsohon_Rali:
To likitan Sky fa? Ba wanda ya taɓo shi.

Mai_Sarka:
Richard Freeman. Fakiti 30 na man testostaron aka kai filin keke na Manchester a Mayun 2011. Kotun ladabtar da likitoci ta sa zama a Fabrairun 2019, aka yi ta ɗagewa saboda rashin lafiyarsa da gardamar lauyoyi da annobar korona, sai Maris 2021 ta same shi da laifi ta soke lasisinsa. Hukumar yaƙi da ƙara kuzari ta Birtaniya, UKAD, ta jingine tata tuhumar har ya gama ɗaukaka ƙara, ya faɗi a Janairun 2023, haramcin shekara huɗu ya fito a Agusta. UKAD ba ta da ikon tilasta wa kowa ya kawo takarda ko ya yi magana, ga bayanan marasa lafiya babu, kwamfuta ɗaya an ce an sace, wata shi ya lalata ta. Har yau ba a faɗi ɗan tseren da aka sayo wa man ba.

'Yar_Damagaram:
Wannan rashin ikon shi ne ya sa ta Lance Armstrong ta ɗauki tsawon da ta ɗauka. Sai da masu binciken tarayyar Amurka suka sa abokan tserensa rantsuwa bakuna suka buɗe. An rufe binciken a Fabrairun 2012 ba tuhuma, hukumar yaƙi da ƙara kuzari ta Amurka, USADA, ta sake bin shaidun da kanta, 26, 11 daga ciki tsofaffin abokan ƙungiyarsa. Tuhuma a Yuni, ya ƙi zuwa gaban masu sulhu a Agusta, UCI ta amince 22 ga Oktoba. Wata huɗu. Shugaban ƙungiyarsa Johan Bruyneel da ya tsaya ya yi ja, sai Oktoban 2018 CAS ta rufe tasa da haramcin har abada.

Birki:
Ta Nairo Quintana ma, kan maganin zogi tiramadol, ai ba ta daɗe ba.

Likitar_Jini:
Ita dabam ce. Tiramadol a 2022 ba ya cikin jerin WADA, dokar lafiya ce ta UCI, ɗigon jini daga yatsa a kan takarda. Hukuncinta soke sakamakon tseren ne, ba dakatarwa. An ɗiba a Yuli, an soke matsayinsa na shida na Tour a Agusta, CAS ta tabbatar a Nuwamba. Daga Janairun 2024 ne ya shiga jerin WADA a lokacin gasa.

Wadda ta fi dacewa a gwada sabon tsarin da ita ita ce ta Miguel Ángel López, don ita ma daga jandarmomin Sifaniya ta fito, binciken Ilex kan Dokta Marcos Maynar. Sunansa ya fito a Yulin 2022, ƙungiyarsa ta Astana ta sallame shi a Disamba, dakatarwar wucin gadi a Yulin 2023, shekara huɗu a Mayun 2024 kan menoturofin, ba tare da samfurinsa ya taɓa nunawa ba. Wannan karon ITA ta samu takardun binciken.

Tsohon_Rali:
An samu ci gaba in aka gwada da Puerto, ban musa ba. Amma rabin farkon 2023 yana Team Medellín yana cin tsere, har da Vuelta a San Juan da Vuelta a Colombia, alhali takardun suna hannun hukuma. Barista, ƙa'idar WADA ta 2021 ba wata shida ta ce a gama shari'ar matakin farko ba?

Barista_Fagge:
Wata shida daga ranar da aka sanar da ɗan wasa, ba daga ranar da 'yan sanda suka buɗe fayil ba, kuma an bar ƙofa ga shari'o'i masu sarƙaƙiya. Lokacin da takarda ke kwance a ofishin alƙalin bincike ba ya cikin lissafin, wa'adin shekara goma kuma yana ta tafiya. Abin da zan so a saka a kundin shi ne agogon ya tsaya duk lokacin da kotun gwamnati ta riƙe shaida. Da akwai wannan a 2006, da an buɗe sunayen ledojin Madrid a 2016.

Feda_Hagu:
In agogo zai tsaya, sai a sa masa iyaka, Barista. In ba haka ba wanda sunansa ya faɗa fayil bisa kuskure zai shekara ashirin da tuhuma a kansa. Allan Davis da Contador duk an ambace su a Puerto a 2006, ƙungiyarsu ba ta samu shiga Tour ɗin shekarar ba, daga baya kotun ta ce ba ta da komai a kansu.